Glenda Mai Hanji

Ni ne na ce kada a ɗauke ta. Gara in faɗa da bakina tun da wuri, don na san akwai masu jira in ɓoye su tona. Sunana Clive Purkiss, shekara talatin da ɗaya ina saƙa wa 'yan wasan tanis tsirkiyar raket, wato abin da suke bugun ƙwallo da shi, kuma a zamanina babu hannun da ya kai nawa sauri a duk Landan. Minti goma sha uku na gama raket, na ƙulla, na datse, na miƙa. Mai irin wannan hannu ba ya rasa girman kai, ni kuwa na samu rabona har da na maƙwabta.

Ita sunanta Glenda Utting, 'yar King's Lynn ce, can bakin teku a Norfolk. Ubanta masunci ne, uwarta tana dafa wa 'yan makaranta abinci. Tana da shekara goma sha shida ta shiga masana'antar da ake murɗa tsirkiya da hanjin shanu, ta yi shekara ashirin da shida a ciki. Ta wanke hanji, ta tsage shi siri-siri, ta murɗa, ta shanya. Daga baya aka mayar da ita ɗakin dubawa, inda aikinta shi ne ta bi kowace tsirkiya da yatsu daga wannan baki zuwa wancan kafin a naɗe ta. Ta ce a shekarun farko in ta shiga bas da yamma kujera biyu take samu ita kaɗai, saboda wari. Mijinta Len ne kawai ya taɓa zama kusa da ita bai yamutsa fuska ba, kuma sai bayan aure ta gano ashe hancinsa ne ba ya aiki.

Da yawancin 'yan wasa suka koma wa tsirkiyar roba, kasuwa ta ja baya, aka rage ma'aikata, har da ita. Sai ta sayi tsohon injin saƙa ta kafa shi a kicin, tsakanin firji da kwanon kare, ta shiga yi wa likitoci da tsofaffin malaman garinsu raket. Ita kanta ba ta taɓa buga tanis ba, ko sau ɗaya. Bayan Len ya rasu gidan ya yi mata faɗi, sai ta ɗora wa ranta buri guda: ta zauna a ɗakin saƙa na gasar rufe shekara, wadda ake yi a watan Nuwamba a babban zauren nan na Greenwich da ke Landan, inda maza takwas da suka fi kowa a duniya ke karawa mako guda a fitar da zakara.

Mu goma ake ɗauka a ɗakin nan, kuma hanyar samun shiga ɗaya ce. Shugabanmu, Mista Howard Tranter, yana riƙe agogo, kai kuma ka saƙa raket a gabansa cikin minti ashirin. Sau bakwai Glenda ta hau jirgin ƙasa ta zo wannan gwaji. Ta yi ashirin da biyar, ta yi ashirin da huɗu, ranar da ta fi ƙoƙari ta yi ashirin da uku. Aikin nata babu makusa, Tranter da kansa ya faɗa, amma agogo ba ya duba kyau. Matsalarta ita ce ba ta yarda ta sa tsirkiyar hanji a raket sai ta rataya ta a mariƙin ƙofa ta ja da baya ta miƙe ta, ta shafa mata kaki, sannan kowane taƙi sai ya bi ta tsakanin yatsunta kafin ya shiga rami. Ni na raɗa mata Mai Hanji, kuma ba don yabo ba.

A shekarar da nake ba da labari, saura kwana biyu a fara gasa aka kwantar da ɗayanmu a asibiti za a yi masa aiki a ciki. Tranter ya kira duk wanda ya sani, wannan ya tafi hutu, wancan matarsa na naƙuda. Da ya ce saura Glenda, na ce masa gara a bar injin babu kowa, aƙalla injin da babu kowa ba ya tare hanya. Ya kira ta duk da haka. Ta iso washegari da safe da jakarta, da butar shayinta, da wani ɗan kwalin kaki da ya girmi wasu daga cikin 'yan wasan. Shekarunta hamsin da takwas, kuma ita kaɗai ce mace a ɗakin.

Al'adar ɗakinmu ita ce hannu ɗaya, inji ɗaya. Wanda ya fara yi wa ɗan wasa raket ranar farko, shi zai ci gaba har ya fita daga gasar, a kan injin da ya fara. Ba camfi ba ne zalla. Kowane hannu da yadda yake jan ƙulli, kuma mutanen nan suna jin bambancin rabin kilo a ƙarfin jan tsirkiya kamar yadda kake jin tsakuwa a takalmi. Tranter ke rabon, kuma bisa daraja yake yi. Ni aka ba ni ɗan wasa na biyu a duniya. Glenda aka ba ta Bastien Coudray, wani Bafaranshe mai shiru-shiru wanda ba ya ma cikin takwas ɗin. Shi ne na tara, ɗan jiran tsammani, wanda ake kawowa ya zauna ko wani zai ji ciwo. Yawanci irinsu atisaye kawai suke yi, su ci abincin otal, su koma gida. Da raket shida ya zo, alhali manyan suna zuwa da goma sha biyu. Muka ce an haɗa daidai da daidai.

Coudray yana cikin masu sa hanji a tsaye, roba a kwance, a ja su da ƙarfin kilo ashirin da huɗu. Kullum da safe za ka ga Glenda ta rataya tsirkiya a mariƙin ƙofar ɗakin ta jingina da baya tana ƙirge a zuci, duk mai son wucewa sai ya sunkuya ta ƙarƙashi. Kuma ba ta taɓa miƙe guda ɗaya, sai biyu. Na tambaye ta ko asarar lokaci ce ke mata daɗi.

Ta ce, «Saniya ba ta yi wa kowa alkawari ba, Sarkin Sauri. Sunkuya ka wuce.»

Ranar Litinin ɗaya daga cikin takwas ɗin ya gurɗe a idon sawu, aka ce Coudray ya shigo. Ya ci wasansa na Laraba. Ya ci na Juma'a. Ranar Asabar da rana ya haɗu da nawa, na biyu a duniya, ya fitar da shi cikin sa'a ɗaya da rabi, ina zaune ina kallo a talabijin ɗin ɗakin, da raket ɗin da na saƙa da hannuna. Glenda ta zubo shayi ta ajiye mini a gefen inji, da biskit biyu. Na sha, amma ban gode ba.

Da yammacin Asabar ɗin Tranter ya kira mu mu biyu bakin ƙofa. Ya ce gobe wasan ƙarshe ne, kuma a wasan ƙarshe ɗan wasa yakan aiko da raket ana tsakiyar wasa ya ce a sake masa yanzu-yanzu. Ya ce ba zai iya sa sunan ɗakin a hannun mai minti ashirin da uku ba, don haka ni zan karɓi Coudray a kan injinta, shi ba sai ya sani ba. Ni har na fara naɗe hannun riga. Glenda ta ce zai sani tun a bugu na uku, kuma in ya tambaye ta ba za ta yi masa ƙarya ba. Ta tuna wa Tranter cewa shi ya koya mana hannu ɗaya, inji ɗaya, ko dokar ta maza ce kawai? Tranter mutum ne mai son a ce yana da adalci, sai ya sauko.

Ya ce, «To, Madam Utting, na bar miki shi. Amma ki ji da kyau. In raket ya sauko ya koma a makare, wannan ne zuwanki na farko, shi ne kuma na ƙarshe. Ko gwajin ma ba zan ƙara kiranki ba.»

Ta ce ta ji. Da ta koma kan injinta na ga ta ɗauki awartaki ta ajiye, ta sake ɗauka ta ajiye, ba ta san abin da take nema ba. Sai a lokacin na gane matar nan tsoro take ji, kuma ba ta da wani abu a duniya sai wannan kujera.

Safiyar Lahadi ta gaya wa mai horar da Coudray cewa yau zauren zai cika maƙil, zai yi zafi, ƙwallo za ta riƙa tashi, a bar ta ta ja raket biyu zuwa kilo ashirin da biyar. Mutumin ya dube ta sama da ƙasa ya ce Bastien ya zo nan da ashirin da huɗu, da ashirin da huɗu zai ƙare, ita dai ta saƙa abin da aka ce. Ta saƙa shidan a ashirin da huɗu. Bayan an kwashe su, ta miƙe tsirkiya biyu a mariƙin ƙofa, ta shafe su da kaki, ta shimfiɗa su a kan tebur, ta jera basilla da awartaki da almakashi, ta zauna ta harɗe hannu.

Abokin karawar wani dogon ɗan Sweden ne, Elof Norrby, mai bugu kamar yana fushi da ƙwallon. Ya cinye turmin farko shida da huɗu. A turmi na biyu Coudray yana gaba biyar da huɗu, amma kowa na gani ƙwallonsa na wuce layi da ɗan taƙi, yana ta kallon raket ɗin yana ƙwanƙwasa shi da tafin hannu. Da suka zauna hutu ya miƙa wa wani ma'aikacin fili raket ɗaya. Minti biyu bayan nan mutumin ya faɗo ɗakinmu yana haki, ya ce kilo ashirin da biyar, kuma yana so kafin a kawo sababbin ƙwallaye.

Duk ɗakin ya yi lissafin a kai. Sababbin ƙwallaye sun fi tashi, shi ya sa kowane ɗan wasa ke canza raket in an kawo su, kuma saura hannu shida a kawo, wato shida daga ƙananan wasannin da ke haɗa turmi. Hannu shida tsakanin masu bugu irin na waɗannan biyun, minti ashirin da huɗu ne in an yi sa'a, a cire na hanya. Tranter ya danna agogo.

Ta yanke tsohuwar tsirkiya, ta ɗora raket, ta fara na tsaye daga tsakiya. Ban taɓa ganin ta da sauri haka ba, har na ce a raina za ta kai. Tana minti na shida, ta gama fiye da rabin na tsaye, sai hannunta ya tsaya. Ta dawo da tsirkiyar baya ta sake bi da yatsa. Ta sake bi na uku, idonta a rufe. Sai ta ɗauki almakashi ta datse duk abin da ta saƙa.

Tranter ya ce, «Me kika yi haka?»

Ta ce, «Akwai ciwo a jikinta. Ba za ta kai hannu biyu ba.»

Ya ɗauki guntun ya ɗaga shi a fitila. Ni ma na duba, ban ga komai ba, sumul take kamar 'yar'uwarta. Ya juyo ya ce Purkiss, hau injin. Ba zan yi ƙarya ba, na yi taku ɗaya.

Ba ta ko ɗago kai ba, tana zura ta biyun a rami. Ta ce, «Sarkin Sauri, ka taɓa injina sai na huda ka da basilla. In kana son aiki, auna mini ta kwance ka yanke.»

Na auna na yanke. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa riƙe wa wani zare ba, ranar na riƙe. Tranter ya buɗe baki zai sake magana, sai na ji kaina ina ce masa hannu ɗaya, inji ɗaya, ya matsa ya ba mu haske. Har yau ban san daga ina maganar ta fito ba.

Abin da na gani bayan nan, da wani ne ya ba ni labari da na ce ya ƙara gishiri. Yatsun nan nata masu kauri, da ruwan sanyin masana'anta ya lanƙwasa, suna tafiya ba su tsallake ko taƙi ɗaya ba, kowane sai an shafa shi, amma babu motsi ɗaya na banza. Ashe ba nauyin hannu gare ta ba. A gaban agogon gwaji ne take jinkiri, don ba ta ga dalilin saurin ba. Yau ta ga dalili. A talabijin Coudray ya ci turmi na biyu bakwai da biyar. Saura hannu uku. Norrby ya ci na farko cikin minti ɗaya da rabi, na zage shi da uwarsa da ubansa, Allah ya yafe mini, mutumin bai yi mini komai ba. Na biyu ya ja, suka yi ta kunnen doki har sau biyar, kuma na yarda da ba don wannan ba da labarin ya sha bamban. Sa'a ta taimaka. Amma sa'a sai ta iske mutum a kan hanya.

Ta ja ƙulli na ƙarshe, ta datse, ta daidaita layukan da basilla, ta buga raket ɗin a tafin hannu ta kai kunne ta saurara. Tranter ya dubi agogo. Tun daga inda ta sake farawa, minti goma sha shida da daƙiƙa arba'in. Ma'aikacin filin ya fizge ya ruga. Muka tsaya cirko-cirko gaban talabijin, mu goma sha ɗaya, har muka ga an miƙa wa Coudray raket daidai lokacin da alƙalin wasa ke shelar sababbin ƙwallaye. Ya cire leda, ya ƙwanƙwasa, ya gyaɗa kai, ya miƙe.

Glenda ta zauna a kan wani kwali, ta ce ba za ta kalla ba. Ni kuwa guntun nan da ta yanke yana damuna. Na ɗauko shi na kama a injina na ja kilo ashirin da biyar. Ya riƙe. Tranter ya dube ni, na dube shi. Sai na ɗauki ƙotar basilla na ɗan doke shi daidai inda yatsanta ya tsaya. Na farko, lafiya. Na biyu, lafiya. Na uku ya tsinke, ya tsula mini a kumatu har ya bar shaida. Da wannan aka kai fili, da a tsakiyar bugu za ta fashe a hannun yaron, a turmin da ba shi da gyara. Tranter ya sa agogonsa a aljihu ya je ya tsaya bakin taga, inda babu abin kallo sai wurin ajiye motoci.

Coudray ya ci turmi na uku shida da huɗu. Ƙwallon da ke wuce layi ɗazu yanzu a cikin layi take sauka, kuma bugun ƙarshe da ya kai ta gefen hagu, Norrby ko motsawa bai yi ba. Ihun mutum dubu goma sha bakwai ya biyo ta cikin bango har kofuna suna rawa a kan tebur. A ɗakinmu manyan maza suka rungume juna kamar su suka ci. Ni na yi kuka, kuma duk wanda ya ce tsirkiyar da ta mare ni ce ta kawo hawayen, na gode masa da rufin asiri, amma ba ita ba ce.

A jawabinsa Coudray ya gode wa mai horar da shi, da iyayensa, da masu kawo tawul, da mutanen Landan. Bai ambaci ɗakin saƙa ba. Na fara bambami, Glenda ta ce in bar yaro, wanda ya ci kofi ba ya tuna ko sunan kakarsa. Tana maganar ne tana ƙoƙarin kai kofin shayi baki, yatsun sun ƙage don aiki har shayin na zuba a siket ɗinta. Na karɓa na riƙe mata ta sha.

Muna cikin kwashe kaya sai ga mai horar da Coudray ya sauko, mutumin nan da ya ce ta saƙa abin da aka ce. Wannan karon hularsa a hannu take. Ya ce Bastien ya aiko shi: yana son hannun da ya saƙa raket na ƙarshe ya bi shi duk shekara mai zuwa, daga gasar Melbourne ta farkon shekara har inda aka ƙare. Glenda ta ce ita ko fasfo ba ta da shi, kuma wa zai ba wa karenta abinci? Mutumin ya ce duk wannan mai sauƙi ne. Sai Tranter ya baro taga da sauri, ya shiga tsakaninsu.

Ya ce, «Ku yi yadda kuka ga dama da sauran watannin. Amma Nuwamba tamu ce. Baɗi injin farko nata ne.»

Injin farko shi ne na bakin ƙofa, wanda ake ba wa wanda ya fi kowa a ɗakin, kuma shekara goma sha ɗaya ni ke kansa. Kowa ya juyo yana kallona. Glenda ma ta kalle ni, ta ce, «Clive, ba ni na roƙa ba.» Ranar ce ta fara kirana da sunana.

Na ce na sani. Ya yi mini zafi, kuma ya ɗauki watanni kafin ya daina. Amma na fi kowa sanin abin da idona ya gani, kuma da ni aka ba rabon, haka zan raba. Ba ta bi Coudray ko'ina ba, ta ce tsufa da kare sun riƙe ta. Nuwamba kuwa ba ta taɓa fashi ba, shekara shida a jere, har aka mayar da gasar wani gari. Duk shekarun nan ina kan inji na biyu a gefenta, kuma ban ƙara sa hanji a raket ba sai na miƙa mata ta bi da yatsa tukuna.